Tafinta a kotunan Sakkwato: maganar wa alƙali yake rubutawa?

Wata safiya na raka wani maƙwabcina kotun majistare a nan cikin Sakkwato, saboda ƙanensa da aka kawo daga ƙauye kan rikicin gona. Shanu ne suka faɗa masa cikin gero, gardama ta kaure tsakaninsa da mai kiwon, aka ji wa juna rauni. Da aka kira shari'ar, akawun kotu ya karanta tuhuma da Turanci, doguwa, har da lambar sashen doka, sannan ya juya ya ce masa da Hausa: "An ce ka sari mutum da adda. Ka yi ko ba ka yi ba?" Yaron ya ce: "Na sare shi, ranka shi daɗe, amma shi yaf fara kawo mini sanda ga kai." Akawu ya dubi alƙali ya faɗi kalma ɗaya tak, mai nufin ya amsa laifinsa. Allah ya sa alƙalin Bahaushe ne, ya ji da kunnensa. Ya ɗago kai daga rubutu ya ce ba abin da yaron ya faɗa ke nan ba, ya rubuta cewa bai amsa laifi ba, ya sa ranar jin shaidu.

Akawun nan ba mugu ba ne, kuma ba a ba shi ko sisi ba. Tambayar ce ta karkace a bakinsa. Abin da doka ke tambaya a wannan gaɓa shi ne ko mutum ya yarda alhakin laifi yana wuyansa. "Ka yi ko ba ka yi ba" kuwa tambaya ce a kan aikin hannu. Mutum yana iya sara da adda doka ta wanke shi, idan ya tabbata kansa ya kare. Tsakanin tambayoyin nan biyu akwai shekarun da mutum zai iya yi a gidan yari. Abin da ya tsaya mini a rai tun ranar shi ne, da yaron Bazabarme ne, ko Buzu, ko Bafulatanin daji da Hausarsa ba ta wuce ta cinikin nono ba, wa zai ɗago kai?

Kotunanmu harshe biyu suke aiki da shi. Kotun majistare, babbar kotun jiha, babbar kotun tarayya da kotun ɗaukaka ƙara reshen Sakkwato, duk da Turanci suke rubuta abin da ya gudana. Kotun ƙoli ta nanata a shari'ar Ojengbede da Esan a 2001 cewa Turanci ne harshen manyan kotuna, kuma takardar da aka rubuta da wani harshe sai an fassara ta kafin alƙali ya yi aiki da ita, ko da shi kansa yana jin harshen. Kotunan shari'ar Musulunci kuwa da Hausa ake zama, da kalmomin fiƙihu na Larabci a cikinta. Mutanen da ke shiga waɗannan ɗakuna sun fi harshe biyu nesa ba kusa ba. Jiha ce mai ƙananan hukumomi 23, kuma Illela, Gada, Tangaza, Gudu da Sabon Birni duk suna jingine da Nijar. Wanda aka kama da kaya a hanyar Illela zuwa Ƙonni yana iya zama mai Zabarmanci, ko Buzanci, ko Faransanci. Ga Fulatanci a rugage, ga Dakarkari daga Zuru, ga Yarabawa da Ibo a kasuwa.

A takarda, haƙƙin a bayyane yake. Sashe na 35(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama, a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Sashe na 36(6)(a) ya ce a bayyana wa wanda ake tuhuma laifin dalla-dalla da harshen da yake fahimta. Sashe na 36(6)(e) ya ba shi tafinta kyauta idan ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi. Tsohuwar dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta ƙara da cewa a fassara masa duk shaidar da aka bayar da harshen da bai sani ba, kuma tafinta ya yi rantsuwa cewa zai faɗi gaskiyar abin da ya ji.

Abin da doka ba ta faɗa ba shi ne wane ne tafinta. Lauya sai ya wuce makarantar horon lauyoyi an ba shi izinin aiki. Likitan da zai ba da shaida kan rauni yana da lasisi. Amma mutumin da kowace kalma za ta bi ta bakinsa kafin ta isa littafin alƙali, babu jarrabawar da dole sai ya ci, babu rajistar da dole sai an ga sunansa a ciki. A aikace akawu ne ko rajistara ke yi, a kan aikinsa na yau da kullum. Idan harshen ya fi ƙarfinsa, sai a leƙa waje a nemo ɗan sanda, ko masinja, ko wani da ya zo tasa shari'ar. Rantsuwa tana ɗaure amanar mutum, ba ta ƙara masa sanin harshe.

Kalmar tafinta kanta daga Turanci muka aro ta, kuma tarihinta a garin nan tsoho ne. Ranar 21 ga Maris 1903, kwana 6 bayan yaƙin Giginya da Turawa suka ci Sakkwato, shugabansu Lugga ya yi wa Waziri da manyan Sakkwato jawabin sharuɗɗan mulkin Ingila. Wani tafinta mai suna Kiari ne ya juya jawabin, Manjo Burdon, wanda ya san Hausa, yana bin sa kalma bayan kalma yana tantancewa. Ko a wancan lokaci an san cewa magana mai nauyi ba a barin ta a bakin mutum ɗaya ba tare da mai dubawa ba.

Inda abin ya fi yin ɓarna ma ba a kotu ba ne, a caji ofis ne. Can ake rubuta bayanin wanda aka kama, kuma sau da yawa wannan takarda ita ce ƙashin bayan shari'ar gaba ɗaya. Yadda aka saba, ɗan sanda mai bincike ya yi tambaya da Hausa, ya ji amsa da Hausa, ya rubuta da Turanci, ya karanta wa mutumin da Hausa daga kansa, mutum ya dangwala yatsa. An juya magana sau biyu, kuma wanda ya juya ta shi ne mai neman a tabbatar da laifin. "Na ɗauka" ta koma "na sata". "Ya mutu a hannuna" ta koma "na kashe shi". "Mun kwana gida ɗaya" ta koma abin da ya fi haka. Bayan shekara biyu ko uku a ɗauko takardar a gaban alƙali a ce iƙirarinsa ne.

Kotuna sun daɗe da ganin wannan rami. Tun 1940, a shari'ar Gidado, kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta ce bayanin da aka ɗauka ta bakin tafinta ba ya karɓuwa sai an kira tafintan ya ba da shaida, domin in ba haka ba jita-jita ce: mai rubutu bai ji wanda ake tuhuma ba, tafinta ya ji. Kotun ƙoli ta sake tsayawa a kan wannan a 2012 a shari'ar gwamnatin tarayya da Usman. Ta kuma sha jan hankali cewa a rubuta bayani da harshen da aka yi shi, sannan a fassara, a kawo duka biyun. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, a sashe na 17, ta ce idan wanda aka kama ba ya jin Turanci, tafinta ya rubuta, ya karanta masa har ya fahimta, sannan tafintan ya sa sunansa da adireshinsa da sana'arsa. Jihar Sakkwato ta yi tata dokar a 2019. Sai dai ga ƙofar da ta rage a buɗe: idan ɗan sandan da ya rubuta shi ne ya yi tafintan, kuma ya zo kotu ya shaida, takardar tana shiga. Hausa kuma harshe ne da ake rubutawa da boko da ajami tun kafin a haifi kowa a caji ofis ɗin. Ban ga dalilin da zai hana a rubuta maganar Bahaushe da Hausa ba.

Wanda bai taɓa gwada tafinta ba yana ɗauka duk mai jin harshe biyu zai iya. A ɗauki rikicin gona. Manomi ya san bambancin aro da jingina da haya da kyauta da saye, kuma kowace da hukuncinta. Gonar aro tana komawa ga mai ita, ta jingina sai an fanshe, ta saye ta tafi ke nan. Tafintan da ya haɗa aro da jingina cikin kalmar Turanci ɗaya ya sauya shari'ar tun ba a fara ba. "Ɗan'uwana ne" yana iya zama shaƙiƙi, ko ɗan wan uba, ko ɗan gari kawai, kuma a rabon gado wannan shi ne komai. Hannu a Hausa ya haɗa tun daga yatsu har kafaɗa, alhali takardar likita ta Turanci ta raba su, sai lauya ya tashi ya ce shaida ya saɓa wa likita. Mutumin ƙauye yana auna lokaci da hantsi da bayan La'asar da faɗuwar rana, sai a matsa masa ya faɗi ƙarfe nawa, tafinta ya cike masa da ƙiyasi, gobe a kama shi da saɓani. Ko cikin Hausar akwai Hausa. Basakkwace idan ya ce "ɗiyana" yana iya nufin 'ya'yansa duka, maza da mata, wanda ya tashi da Hausar Kano kuwa 'ya mace zai ji. Sannan ga "to" da "na ji", waɗanda talaka ke faɗa a gaban hukuma don ladabi, ba don ya yarda ba.

Tafintan kirki yana faɗin abin da aka faɗa kamar yadda aka faɗe shi, da bakin mai maganar: "na je", ba "ya ce ya je" ba. Ba ya taƙaitawa, ba ya gyara wa shaida magana don ta yi daɗi, ba ya ba shi shawara a ɓoye. Idan kalma ta ɗauki ma'ana biyu, sai ya gaya wa alƙali a sake tambaya. Wannan horo ne, ba baiwa ba. Kuma aiki ne mai gajiyar da ƙwaƙwalwa, shi ya sa a manyan taruka ake sa tafintoci biyu suna karɓar juna.

To idan an yi kuskure fa, ba sai a ɗaukaka ƙara ba? A nan ne tarkon yake. A farkon shekarun 1960, a shari'ar Ajayi da hukumar En'e ta Zariya, an soke hukunci a kan wasu Yarabawa da aka yi wa shari'a da Hausa, saboda tafintan da aka yi musu bai wadatar ba. Amma a 1983, a shari'ar Gwonto, kotun ƙoli ta ce wanda yake da lauya, idan bai nemi tafinta a lokacin shari'a ba, ba zai zo daga baya ya kafa hujja da rashinsa ba. Akwai hikima a ciki, domin kada kowa ya yi shiru sai ya faɗi sannan ya ce bai ji ba. Sai dai nauyin ya koma kan wanda ya fi kowa rauni a ɗakin. Mutumin da bai taɓa shiga kotu ba, yana rawar jiki, ta yaya zai san an karkatar da maganarsa zuwa harshen da ba ya ji? Wanda zai iya gane kuskuren tafinta, ai ba ya bukatar tafinta.

Ko ya yi ƙorafi, da me zai tabbatar? A yawancin kotunanmu alƙali da hannu yake rubutawa, kuma abin da yake rubutawa shi ne Turancin da ya fito daga bakin tafinta. Ainihin maganar shaida ta bi iska. Alƙalan ɗaukaka ƙara, waɗanda ake kawowa daga kowane sashe na Nijeriya, takarda kawai suke gani. A ganina wannan ita ce zuciyar matsalar: kuskure ne da ba ya barin sawu.

Wani zai ce a kotun shari'ar Musulunci babu wannan damuwa tunda da Hausa ake yi. Ta ragu, ba ta ƙare ba. Iƙirari, i'izari, shubuha, liyani, hul'i, duk kalmomi ne da alƙali da malamai suka sani, amma matar da ta zo daga ƙauye jin su take kamar baƙon harshe. Mutanen Sakkwato ba su manta da shari'ar Safiya Hussaini ta Tungar Tudu ba, wadda babbar kotun shari'a ta Gwadabawa ta yanke wa hukunci kan zargin zina a Oktoban 2001, kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci ta jiha ta sallame ta a Maris 2002. Cikin hujjojin da lauyoyinta suka kawo har da cewa ba a bayyana mata ma'anar laifin da ake tuhumar ta da shi ba. Bahaushiya ce a gaban alƙali Bahaushe, amma batun fahimta ya taso. Ina ga Bafulatanar da ta zo neman a tabbatar mata da saki, alhali hukuncin ya rataya a kan ainihin lafazin da mijin ya furta da Fulatanci, sarihi ne, wato a fili, ko kinaya, wato a kaikaice? Sau da yawa wanda zai juya mata magana ɗan'uwan mijin ne, ko nata, kuma kowanne yana da inda ya karkata. Ga kunya kuma. Akwai abin da mace ba za ta faɗa ta bakin ƙanen mahaifinta ba ko za a yanka ta.

Malamanmu na fiƙihu ba su bar wannan babi ba. Sun yi magana a kan tarjuman, wato tafinta, a gaban alƙali, suka shardanta ya zama adali amintacce. A mazhabar Malikiyya mutum ɗaya ya isa amma biyu sun fi, Shafi'iyya kuwa suka ce sai biyu, domin sun ɗauke shi a matsayin shaida. Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa bisa umarnin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, don ya riƙa karanta masa wasiƙunsu. Saboda haka tantance tafinta ba baƙon abu ba ne da za a ce daga waje aka kawo mana.

Shari'ar da aka yi da Hausa kuma, idan ta haura zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, sai an juya kundinta gaba ɗaya zuwa Turanci, har da nassoshin Larabci da alƙali ya kafa hujja da su. Mai wannan fassara yana bukatar harshe uku da sanin fiƙihu.

Sai kurame da bebaye, waɗanda kusan kullum ake mantawa da su. Dokar shaida ta 2011, sashe na 176, ta yarda wanda ba ya magana ya ba da shaida da rubutu ko da alama a bainar kotu. Dokar hana nuna bambanci ga masu bukata ta musamman an sa mata hannu a Janairun 2019. Amma maganar hannu iri biyu ce a wurinmu. Akwai ta makaranta, wadda tushenta na Amurka ne, irin wadda ake koyarwa a makarantar masu bukata ta musamman ta A. A. Raji da ke Sakkwato. Akwai kuma maganar hannu ta Hausawa, wadda kurman da bai shiga makaranta ba ya tashi da ita. Malamin makaranta yana iya tsayawa gaban kurman ƙauye su kasa gane juna, kotu tana ganin an ba shi tafinta.

Wasu ƙasashe sai da suka ƙone kafin su gyara. A Ingila, wata mata 'yar asalin Pakistan ta amsa laifin kisan kai a 1981, sai a 1985 aka soke hukuncin bayan an gano tafintan da aka ba ta ba harshensu ɗaya ba. Irin wannan ne ya kai ga kafa rajistar tafintocin hukuma a 1994. Amurka ta yi dokar tafintocin kotun tarayya a 1978, da jarrabawa. Tarayyar Turai ta yi tata ƙa'idar a 2010.

Mu a nan ba sai mun jira Abuja ba. Sashe na 274 na tsarin mulki ya ba Babban Jojin jiha ikon tsara ƙa'idojin aikin babbar kotu, sashe na 279 ya ba Girandi Kadi irin wannan iko a kotunsa. Hukumar kula da ma'aikatan shari'a ta jiha tana iya mai da tafinta muƙami mai zaman kansa, da matakin albashi, maimakon ɗora wa akawu. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da sashen harsunan Nijeriya, da cibiyar nazarin Hausa, da tsangayar shari'a. Waɗannan uku in sun zauna tare za su iya fitar da kwas na 'yan watanni, da jarrabawar baka, da ƙaramin kundin kalmomin shari'a da kowace kotu za ta yi aiki da shi, don kada cin amana da zamba da sata su riƙa canza suna daga ɗaki zuwa ɗaki. A kuma ajiye jerin sunayen masu Fulatanci, Zabarmanci, Buzanci, Faransanci da maganar hannu da aka gwada, a biya su idan an kira su. Ya kamata shari'ar gona da gado da aure su shiga cikin tsarin, domin tafinta kyauta da tsarin mulki ya ambata na shari'ar laifi ne kawai.

Na san abin da za a ce: kuɗi, da jinkiri. Gaskiya ne idan aka ce sai mai takardar shaida, za a riƙa ɗage shari'a, wanda ke jiran shari'a a gidan yari shi zai sha wahala. Shi ya sa ban goyi bayan a fara da hani ba. A fara da abin da ya fi arha: ɗaukar murya. Wayar hannu ta isa ta naɗi bayanin caji ofis da lokacin karanta tuhuma da shaidar da ta bi ta bakin tafinta, a ajiye tare da fayil. Da zarar akwai murya, kuskure ya bar sawu, tafinta ya san za a iya sake saurare, kotun sama ta samu abin dubawa. Sannan alƙali da kansa ya tambayi wanda ake tuhuma harshen da ya fi ji tun zaman farko, ya sa shi ya maimaita tuhumar da bakinsa, ya rubuta sunan tafinta da harshen da ya yi aiki da shi a kowane zama.

Kafin a kai can, wanda ɗan'uwansa ke gaban kotu ya riƙe abu uku. Kada ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa da harshensa ba, kuma ya nemi sanin sunan wanda ya karanta. A zaman farko, shi ko lauyansa, ya ce a fili: "Ranka ya daɗe, ba na jin Turanci, ina neman tafinta," ya roƙi a rubuta cewa ya nema. In kuma wani daga dangi ya ji an juya magana ba daidai ba, ya sanar da lauya nan take, kafin a tashi daga zaman ranar.